Tatsuniyar da Ta Kori Mahaifiyata

Duk wanda aka haifa a Bakin Tafki a zamaninmu, hannun kakata ne ya fara taɓa shi a duniya. Sunanta Tabita, amma ban taɓa jin wanda ya kira sunan haka kai tsaye ba. Mama Tabita ake cewa, har dagaci. Ita ce ungozomar gari. Ko ruwa ake tsugawa, ko tana tsakiyar gonar citta, da an ce wance na naƙuda sai ta yar da fartanya ta gyara ɗaurin zani. Ita ce shugabar zumuntar mata a majami'armu, ita ke shiga tsakanin miji da mata in rigima ta kai ga ɗaukar taɓarya, ita ke wanke gawa. Gidanta ba ya rasa baƙo, tukunyarta ba ta sauka daga murhu.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye alherinta. Ban ɓoye ba. Na ci shi, na sha shi, a bayanta na yi wayo. Sai dai akwai abin da mutanen garinmu suka zaɓi su manta, ni kuwa ban samu wannan gatan ba.

Garin namu yana can ciki kaɗan, in ka sauka daga titin da ya tashi daga Kafanchan ya nufi Kachia. Tafkin yana bayan gari, kewaye da ciyayi dogaye, ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani. A nan muke ɗebo ruwa, a nan ake wanki, a nan ake yi wa mutane baftisma.

Mahaifina Ishaya yana aiki a wurin gyaran jirgin ƙasa a Kafanchan. A can ya haɗu da mahaifiyata, Ngozi, 'yar wani direban jirgi daga Gabas. Waɗanda suka halarci bikin sun ce Kaka ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Ina da wata takwas aka fara tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa. Mahaifina ya gudo da mu ƙauye, Kaka ta ɓoye mahaifiyata cikin rumbun acca kwana uku, tana zura mata abinci ta sama, har aka samu hanyar da za ta bi danginta zuwa Gabas. Ni aka bar ni. Kaka ta ce wannan hanya ba ta jariri ba ce, ta kwance ni daga bayan uwata ta goya.

Autan Kaka kuwa, Dogara, ya shiga soja. Bai dawo ba. Ko gawarsa ba a gani ba, bargonsa kawai wani abokinsa ya kawo. Da yaƙi ya ƙare sai ga mahaifiyata ta dawo, ta rame kamar kara, ubanta da ƙannenta biyu sun mutu a can. Ta durƙusa gaban Kaka tana kuka. An ce Kaka ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ke kin dawo." Ƙasar da ta haɗiye Dogara ita ce ta tofo wannan da ranta, kuma Kaka ba ta taɓa yafe mata hakan ba.

Iyayena suka koma Kafanchan, ni na ƙi bin matar da ban sani ba, Kaka kuma ba ta matsa mini ba. Aka haifi ƙanena Bulus. Yana da shekara uku mahaifinmu ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba. Mahaifiyata ba ta da inda za ta nufa, sai ta tattaro kayanta ta dawo gidan Kaka da Bulus a hannu. Kaka ta ba ta ɗakin da ke jikin garken aladu. A lokacin shekarata goma.

Lokacin girbin citta shi ne lokacin tatsuniya a gidanmu. Da an ci tuwo, tun rana ba ta gama ɓacewa bayan tafki ba, sai a hura wuta a tsakar gida a zube kwandunan citta. Yaran unguwa su taru, kowa da 'yar wuƙarsa, muna tsaga cittar biyu don ta yi saurin bushewa. Hannu ya yi ta zafi, in ka manta ka sosa ido ka shiga uku. Ladan aikin shi ne bakin Kaka. Takan kife turmi ta zauna, ta buga sandarta a dutsen murhu ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "To, a ajiye baki a ƙasa."

Ban taɓa jin mai ba da labari kamarta ba, kuma na yi shekaru ina koyarwa a makaranta, na ji da yawa. In kura ce ke magana sai muryarta ta kumbura, in zomo ne sai ta tsuke baki ta lumshe ido ɗaya. Da Hausa take yi, saboda 'ya'yan malaman makaranta da na 'yan ƙwadago da ba sa jin yarenmu. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Mahaifiyata tana son waɗannan maraice. Takan zauna can gefe da kasko da yashi tana soya mana gyaɗa, in mun yi dariya ita ma ta yi.

Wata rana Kaka ta buga sanda kamar kullum, amma da ta buɗe baki sai muka ji yarenmu. 'Ya'yan malamai suka yi gunaguni. Ta ce, "Wannan na 'yan gida ne. Wanda bai ji ba ya tambayi maƙwabcinsa gobe." Mahaifiyata tana jin Hausar kasuwa, ita ma kowa "shi" ne a bakinta, amma a yarenmu gaisuwa kaɗai ta iya.

Kaka ta ce akwai wani saurayi, manomi, ɗan kirki, mai jin maganar uwarsa. Wata rana ya je tafki shayar da awaki sai ya tarar da mace zaune a kan dutse, fara sol, ta ɗaura zani biyu, ɗaya kan ɗaya. Ta yi masa murmushi, sai ga wushirya. Ya tambaye ta garinsu, ta nuna can, inda rana ke fitowa. Ya kawo ta gida. Uwarsa ta ce, "Ɗana, macen da ba ka san gonar ubanta ba, ba ka san abin da ta ci ta girma ba." Bai ji ba.

Matar ba ta cin tuwon acca, in ji Kaka, sai kifi da jan mai. In ta yi girki ƙamshi ya cika unguwa, mijin ya ci ya lashe hannu, amma kullum ramewa yake yi. Kowace asuba, kafin zakara ya sauko, sai ta ɗauki tulu ta tafi tafki ita kaɗai. Ba ruwa take zuwa ɗiba ba. Danginta ne a ƙarƙashin ruwan, take kai musu labari cikin waƙa, da harshen da ba na mutane ba. Su kuma su ce, "Yaushe za ki kawo mana rabonmu?" Ta ce, "Ku yi haƙuri, yana nuna." A nan Kaka ta yi waƙar, ta hanci, da wasu kalmomi na ƙarya masu kama da yaren mahaifiyata. Yara suka fashe da dariya. Mahaifiyata ta ɗago kai daga kasko ta yi dariya ita ma, wushiryarta a fili.

Mijin ya mutu. Matar ta yi kukan da ba hawaye. Sai mutanen ruwa suka ce ba su ƙoshi ba, suna son yara. Ta fara da ƙaramin, don shi ne marar nauyi. Babbar kuwa, mace, ta gagara, domin yarinya ce mai wayo: ta ƙi cin komai daga hannun matar, ta ƙi amsa sunan da take kiranta da shi, kuma kullum a bayan kakarta take kwana. Da matar ta ga ba dama sai ta koma ruwa, gari ya huta.

Kaka ta buga sanda ta ce, "Na ajiye ta nan. Mai hankali ya ɗauka." Ba ta kalle ni ba, ba ta kuma bukatar kallona. Mahaifiyata ta zagayo da gyaɗa a faranti tana zuba wa kowa a tafin hannu. Da ta zo kaina na dunƙule hannuna.

Ba sau ɗaya Kaka ta yi wannan tatsuniya ba. Ta maimaita ta har girbi ya ƙare, kowane karo da ƙari. Ran da mahaifiyata ta ƙone da mai a hannu, matar ruwa ma ta samu tabo a hannu. Yara suka kai labarin gidajensu. Matan da ke zuwa tafki suka fara yin shiru in ta iso, suna janye 'ya'yansu. Don ta guje musu sai ta koma ɗiban ruwa da sassafe ita kaɗai, wannan kuma ya zama shaida a kanta.

Ni ce na fi kowa tsanani. Wata Lahadi bayan sujada ta dafa shinkafa da kifi, ta kawo mini har ƙofar ɗakin Kaka. Ada take kirana, wato 'yar fari a yarensu.

"Ada, zo ka ci. Na sa maka kan kifi."

"Sunana Rahila."

"To, Rahila. Me na yi maka? Wata biyu ba ka ci abinci na."

Na sa ƙafa na ture kwanon. Shinkafa ta watse, kaji suka taru. Kaka tana zaune tana tsince acca, ba ta ɗaga kai ba. Ta dai ce, "Yaro ba ya so, a bar shi." Mahaifiyata ta durƙusa ta tsince kifin daga ƙasa ta wanke, ta ba Bulus.

Wata safiya na bi ta a ɓoye. Na laɓe cikin ciyawa, na gan ta ta ajiye tulu, ta zauna a bakin ruwa tana waƙa a hankali da yarensu, tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Na ruga gida na faɗa wa Kaka. Ta ce, "Ka gani da idonka ke nan," ta ƙara mini kunu.

Ranar da abin ya faru, Kaka da mahaifiyata za su tafi gona kwaso sauran citta. A gaban Kaka mahaifiyata ta ce mini, "Rahila, riƙe ƙaninka. Kada ya je ruwa, yana bin agwagwa." Suna fita ƙawayena suka zo, wai ɗinya ta nuna a bayan makaranta. Na zaunar da Bulus a gindin mangwaro, na ba shi guntun rogo, na ce kada ya motsa. Shekararsa huɗu. Da na dawo ba ya nan. Na duba garken aladu, na duba bayan rumbu, sannan na shiga ɗaki na yi shiru, ina fatan yana gidan maƙwabta. Da la'asar wani mai kamun kifi ya same shi cikin ciyayin bakin tafki, inda agwagi ke kiwo.

Ba zan kwatanta kukan mahaifiyata ba. Da hawaye ta yi shi, na gani. Amma tun kafin a rufe kabarin na ji wata mata tana raɗa wa wata, "Ta fara da ƙaramin."

Kwana uku bayan haka aka taru a ƙofar dagaci. Miji ya tafi, ɗa ya tafi, kuma ta hanyar ruwa. Mutane suka yi ta magana, kowa da abin da ya gani ko ya ji. Sai wani ya ce a kira yarinyar, yaro ba ya ƙarya. Aka tsayar da ni a tsakiya. Tun ran da Bulus ya mutu nake jiran a tambaye ni inda nake lokacin da ya bar gida. Na tabbata yau ne. Sai dagaci ya ce, "Rahila, kin taɓa ganin uwarki tana wani abu a tafki?"

Na ga ƙofa a buɗe, na bi ta. Na ce na gan ta da asuba tana yi wa ruwa waƙa, tana kiran sunaye. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Ba wanda ya tambaye ni komai bayan haka.

Mai bisharar majami'armu ya miƙe ya ce mu masu bi ne, bai kamata mu koma ga irin wannan zargi ba. Muryarsa tana raguwa yana magana, idonsa na kan Kaka. Kowa idonsa na kan Kaka. Rabin mutanen da ke wurin ita ta yanke musu cibiya. Da ta ce, "Ku tashi ku ba ni wuri, matar ɗana ce," da kafin ta rufe baki an watse.

Dagaci ya ce, "Mama, me kika gani?"

Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ni tsohuwa ne. Abin da gari ya gani, shi na gani."

Mahaifiyata ta ja gwiwa har gabanta. "Mama, kai ka ɓoye ni cikin rumbu. Kai ka ba ni abinci da hannunka. Ka san ni." Kaka ta kau da kai. Da aka yanke cewa ta bar gari, abu ɗaya ta roƙa, a ba ta ni. Kaka ta ce, "Ga shi nan, tambaye shi." Mahaifiyata ta kalle ni. Ta san wanda aka bar wa Bulus, ta kuma san na san ta sani. Na jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba, hannu kawai ta miƙo. Na zagaya bayan Kaka na riƙe zaninta.

Washegari ta hau motar da ta zo ɗaukar citta, ta zauna a kan buhuna da akwatinta ɗaya. Yara suka bi motar da jifa suna "Matar ruwa! Matar ruwa!" Ni ma na ɗauki dutse. Ban jefa ba, amma ba don tausayi ba, motar ce ta riga ta yi nisa.

Girbin da ya biyo baya aka sake hura wuta, Kaka ta koma Hausa, ta koma kura da zomo. Matar ruwa ba ta sake fitowa daga bakinta ba, aikinta ya ƙare. Ni kuwa ta riƙe ni kamar ƙwai. Tsokar da ta fi kyau tawa ce, ta sayar da akuyarta ta ɗinka mini kayan makaranta. Ina ci ina ƙiba, amma na daina zuwa tafki, in an matsa mini sai na yi amai.

Ina da shekara goma sha huɗu na samu shiga makarantar kwana a Kafanchan. Wata Asabar aka bar mu mu fita kasuwa. Kusa da tashar jirgi na ga wata mata tana tuyar ƙosai a ƙarƙashin rumfar kwano, da tabon ƙuna a hannu. Ta riga ni ganewa. Ba ta yi ihu ba, ba ta rungume ni ba. Ta jawo wani ɗan benci da ƙafa, ta ƙunsa ƙosai a takarda ta ajiye a kai, ta ci gaba da aikinta. Na daɗe a tsaye. Sannan na zauna na ci, ina ci ina kuka, masu saye suna kallona. Ashe ba ta koma Gabas ba. Ta ce in ta yi nisa, ran da zan neme ta ba zan same ta ba.

Na riƙa zuwa duk Asabar. Wata rana tana wanke wake sai ta ce, "Ada, wannan labari da Mama yake yi da yare, da yara suke dariya. Me yake cewa?" Shekara huɗu tana ɗauke da sunan matar ruwa ba ta san daga inda ya fito ba. Na faɗa mata duka, da zani biyu, da wushirya, da waƙar hanci. Hannunta ya tsaya cikin ruwan waken.

"Ni kuma ina soya muku gyaɗa," ta ce.

Sannan ta gaya mini sunayen da na ji tana kira a bakin tafki: ubanta, ƙannenta biyu, da mahaifina. Addu'a take yi musu, don a majami'armu ba a waƙa da yarenta. A nan na kasa riƙewa, na ce mata ni na bar Bulus na tafi tsinkar ɗinya.

"Na sani. Tun ran nan na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Mama?"

"Yaro ɗan shekara goma? In na faɗa, za su kira ka mai kashe ƙani har ka tsufa. Ni babba ne, zan iya ɗauka."

Da hutun Kirsimeti na koma gida da wuta a cikina. Na sami Kaka a bayan ɗaki tana shanya ganyen magani. Ban gaishe ta ba. Na ce na ga uwata, na kuma san abin da ta yi mata.

"Me na yi? Tatsuniya na yi. Ka taɓa ganin tatsuniya ya kama hannun mutum ya kai shi gaban dagaci? Kai ka buɗe baki."

"Ke kika sa mini maganar a baki. Kuma da aka tambaye ki kika yi shiru."

"Na yi shiru don kai, marar kunya. In na ce ba shi ba ne, sai su ce to wane ne? Wa aka bar wa yaro?"

"Ba don ni ba ne, Kaka. Don Baba Dogara ne."

Ban ga tahowar hannunta ba, sai ƙarar marin na ji. Ita da ba ta taɓa dukana ba. Ta ce, "Kada sunansa ya ƙara fita a bakinka." Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba. Da yamma ta ajiye mini tuwo da cinyar kaza kamar ba abin da ya faru. Ba mu sake tayar da maganar ba har abada.

Na yi shekaru ina juya abin da ta faɗa, domin akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ce ta sa na ƙara jin haushinta. Mata biyu sun rufe baki a ƙofar dagaci, kowacce ta ce don ni ta yi. Ɗaya ta rasa gida da suna da kabarin ɗanta. Ɗayar ba ta rasa ko tsinke ba, ta ma samu abin da take nema tun kafin Bulus ya mutu.

Mahaifiyata ba ta sake taka Bakin Tafki ba. Da na fara aiki na ɗauke ta muka zauna tare a Kujama, a hannuna ta rasu, ko sittin ba ta kai ba. Kaka ba ta zo gaisuwa ba, ta aiko da ƙwaryar acca. Ita kuwa ta yi ta rayuwa. Ta binne sa'o'inta kaf, ta binne 'ya'yansu. Idonta ya tafi, amma ana kawo mata masu ciki ta shafa ta faɗi kwanciyar ɗa. Ina aika mata magani da zani, nakan je in gan ta, ta shafa fuskata ta ce na rame. Ina son hannun nan a fuskata, ina kuma ƙin kaina don ina son sa.

Ran jana'izarta majami'a ba ta ɗauki mutane ba, har bakin tafki ana tsaye. Fasto ya yi wa'azi cewa tsawon rai ladan mai adalci ne. Na zauna ina lissafin shekarun uwata. Da aka ce in yi magana a madadin jikoki, na tashi na ce ta goye ni, ta ciyar da ni, ta sa ni makaranta, na koma na zauna. Mutane suka ɗauka kuka ne ya hana ni ci gaba. A wurin cin abinci wata tsohuwa, cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a ƙofar dagaci, ta kama hannuna ta ce, "Uwarki ma ashe mutuniyar kirki ce." Ashe. Na zare hannuna na bar mata wurin.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin da na koya shi ne in yi hankali da mutumin da kowa ke yabo. Sai bara na gane ban gama karatun ba. Ɗana ya auri wata 'yar Gwantu, Alheri, kuma tun farko ba ta kwanta mini ba. Tana jan silifa in tana tafiya, tana dariya da ƙarfi, ta kuma janye shi zuwa wata majami'a da ake tsalle-tsalle. Wata yamma jikokina suka kewaye ni suna son tatsuniya, ita tana ɗakin girki. Na fara ba su labarin matar kura mai haɗama. Labari ya yi daɗi, bakina ya saki, muryar Kaka ce sak ke fita. Can na ji kaina ina cewa matar kura ta taho tana jan silifa, ƙyaf, ƙyaf, tana ɓaɓɓaka dariya. Ƙananan suka kwashe da dariya. Babbar, mai shekara tara, ba ta yi ba. Ta juya a hankali ta kalli ƙofar ɗakin girki.

Na katse labarin, ƙananan suka matsa mini.

"Kaka, sai me ya faru?"

"Na manta," na ce. "Ku je ku yi wasa."

Tun daga ranar, in sun matsa, labarin jirgin ƙasa da gonar citta nake ba su, ba mai kama da kowa a ciki. Alheri kuwa har gobe ba ta kwanta mini ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma in ina da magana da ita nakan kore yaran waje, in kira ta da sunanta, in faɗa mata a fuska, ita ma ta mayar mini, don ba ta da sanyin baki. Jiya ma mun yi, a kan gishirin miya, kuma ita ce ta yi nasara.